Ciwon Damuwa, Maganinsa da Jinin Mutumin Agege

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kemis a Agege bayan magariba ya san yadda maganar take farawa. Mutum zai shigo ya dafa kanta, ya ce: "Likita, jikina ne ya mutu. Ba na barci, abinci ba ya shiga, ko'ina ciwo yake yi, ga wani zafi yana yawo a cikina." Mai shagon, wanda likitancinsa na baki ne kawai, ba ya tsawaita tambaya. Maleriya ce da taifot. Sai ya ciro maganin zazzaɓi, ya yanko kafso goma da almakashi, ya haɗa da diclofenac na ciwon jiki da kwalbar maganin ƙarin jini, ya ƙulle a farar leda. In da hali, a tura mutum gwajin Widal, wanda a ƙasa irin tamu kan nuna akwai taifot ko da babu shi. Bayan sati uku mai ciwon ya dawo da kukan da ya zo da shi tun farko.

Wasu cikinsu maleriyar ce da gaske. Amma akwai waɗanda abin da ke cin su ciwon damuwa ne, irin wanda ke danne mutum makonni da watanni, ya raba shi da barci da ci da sha'awar komai. Binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Jihar Legas, wanda Farfesa Abiodun Adewuya na kwalejin koyon likitanci ta Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja ya jagoranta, ya tattauna da manya sama da 11,000, kuma sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna kashi 5.5 cikin ɗari na ɗauke da alamomin ciwon. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a Najeriya da kimanin miliyan 7.

An saba jin 'yan boko suna cewa talakanmu bai san ciwon damuwa ba, shi ya sa yake kai kukan jiki. Akwai raini a cikin wannan magana, kuma akwai kuskure. Binciken sama da shekara talatin ya nuna cewa a jikin wasu masu wannan ciwo, ƙwayoyin garkuwar jiki kan yi aiki kamar ana cikin wata cuta, kuma magungunan da ake ba su ba a ƙwaƙwalwa kaɗai suke tsayawa ba, har jini suke taɓawa. Mai gadin da ya ce jikinsa ne ya mutu bai faɗi ƙarya ba. Kunnen da zai saurare shi ne ya yi ƙaranci.

Shi kansa maganin damuwa a ɗakin masu tarin fuka aka tsince shi. A 1952 likitocin asibitin Sea View da ke birnin New York suna gwada wani sabon magani mai suna iproniazid kan masu tibi, sai suka lura majinyatan sun warware, suna ci, suna raha, fiye da yadda huhunsu ya warke. A 1957 Roland Kuhn na ƙasar Suwizalan ya bayyana aikin imipramine, bayansa amitriptyline ya shigo kasuwa a 1961, sannan fluoxetine, wanda duniya ta sani da Prozac, ya samu izini a Amurka a ƙarshen 1987. Bayanin da aka riƙa yi wa jama'a mai sauƙi ne: wai sinadarin sirotonin ne ya yi ƙasa a ƙwaƙwalwa, magani kuma ya ɗaga shi. Wannan bayani ya sha suka, musamman bayan nazarin da Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka fitar a 2022, inda suka ce babu gamsasshiyar hujja kan ƙarancin sirotonin. Amma rushewar bayani ba ita ce rushewar magani ba. A 2018 Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford ya tattara gwaje-gwaje 522 da suka shafi mutum fiye da 116,000, ya samu cewa duka magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar da ba komai a cikinta aiki, ko da yake tazarar ba ta kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. Abin sha'awa, tsohon amitriptyline, mai arahar nan da ake samu a kusan kowane asibitin gwamnati, yana sahun gaba.

To, idan ba sirotonin kaɗai ba ne, me kuma ke faruwa?

Fararen ƙwayoyin jini su ne 'yan sintirin unguwa. In ɗaya ya ga ɓarawo sai ya busa usur, sauran su fito da gora, a rufe ƙofofi, kasuwa ta tashi. Usur ɗin wasu ƙananan sinadarai ne da ake kira saitokin, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne IL-6 da TNF da IL-1. Da sun yawaita a jini, hanta kan saki wani furotin mai suna CRP, wanda shi ne ɗakunan gwaji suka fi aunawa. Saƙon kuma yana isa ƙwaƙwalwa. Kasalar da mai zazzaɓi ke ji, da ƙin abinci, da son ya ja bargo ya juya wa kowa baya, duk umarni ne daga garkuwar jiki cewa a kwanta a adana ƙarfi. Duk wanda maleriya ta taɓa kayarwa ya ɗanɗana wannan na kwana uku ko huɗu. A 1991 wani mai bincike Ba'amurke, Ronald Smith, ya kawo ra'ayin cewa a wasu mutane usur ɗin ne ba ya yin shiru, ko da ɓarawon ya daɗe da tafiya. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Beljiyam, Michael Maes, ya shafe shekarun 1990 yana auna jinin majinyata yana samun alamun hakan.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga maganin intaferon, wanda aka daɗe ana yi wa masu ciwon hanta da wasu masu sankara allurarsa. Shi kansa saitokin ne, aikinsa ya zaburar da garkuwar jiki. Likitoci sun lura cewa mutane da yawa da ba su taɓa ciwon damuwa ba kan faɗa cikinsa bayan makonni da fara allurar. A 2001 Dominique Musselman da abokan aikinta na Jami'ar Emory a Atlanta suka gwada wani abu kan masu sankarar fata su 40. Sati biyu kafin a fara intaferon, aka ɗora rabi kan maganin damuwa mai suna paroxetine, rabi kuma kan ƙwayar da ba magani a ciki. Cikin 18 da suka sha maganin, 2 ne ciwon damuwa ya kama. Cikin 20 na ɗaya ɓangaren, 9. A Ingila ma, a 2009, Neil Harrison ya yi wa lafiyayyun maza allurar rigakafin taifot, cikin awa uku IL-6 ya tashi a jininsu, walwalarsu ta ragu, na'urar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna canji a sashen da ke kula da yanayin rai. Ba wai rigakafin na jawo ciwon damuwa ba ne, abin na 'yan sa'o'i ne ya wuce. Sai dai ya nuna hanyar da ke tsakanin jini da rai a buɗe take.

Akwai ma inda hanyoyin biyu suka haɗu. Jiki na ƙera sirotonin ne daga wani sinadarin abinci, tiriftofan. In garkuwar jiki ta tashi, sai ta karkatar da shi zuwa wata hanya daban, inda ake samar da wasu sinadarai masu takura wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na sirotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa, ba a kai ba. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ke ɗauke da shi suna yawo, fararen ƙwayoyin jini iri-iri kuma suna da kafofin karɓarsa a jikinsu. Saboda haka ƙwayar fluoxetine da aka haɗiya da safe ba ta da yadda za ta yi ta wuce su ba ta taɓa su ba.

Me take yi musu? Manyan nazarce-nazarce biyu da suka tattara sakamakon bincike da dama, na Jonas Hannestad a 2011 da na Cristiano Köhler a 2018, sun samu cewa bayan an sha maganin damuwa na makonni, wasu daga cikin saitokin ɗin nan kan sauka a jini. Ba su yi ittifaƙi kan waɗanne ba: na farko ya fi ganin saukar IL-1, na biyu ya ga ta IL-6 da TNF. A kwanon gwaji ma, in aka zuba waɗannan magunguna kan fararen ƙwayoyin jini, sukan rage fitar da sinadaran tayar da kumburi. Wasu ƙananan bincike sun nuna ƙwayoyin da ke farautar sankara da bairos, waɗanda aikinsu kan yi sanyi a jikin mai ciwon damuwa, suna farfaɗowa bayan magani. Sai dai mai hankali zai yi tambaya: wanda ya samu sauƙi ai ya koma barci, ya koma cin abinci, ya rage taba, yana fita yana motsa jiki, kuma kowanne cikin waɗannan na sauke kumburi da kansa. Raba aikin ƙwaya da aikin samun sauƙi ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu binciken na gaskiya ba sa ɓoye hakan.

Ba kowane mai ciwon damuwa ne ke da wannan ɓoyayyen kumburi ba. Nazarin da Emanuele Osimo ya fitar a 2019 ya nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne CRP ɗinsu ya haura 3 a ma'aunin gwajin jini. Amfanin maganar yana wajen waɗannan. A 2014 Rudolf Uher ya duba jinin majinyata 241 a Turai, ya ga masu ƙaramin CRP sun fi samun sauƙi da escitalopram, masu babban CRP kuma sun fi amsa nortriptyline. Wannan na biyun shi ne abin da hanta ke mayar da amitriptyline in an sha shi. Idan har wannan sakamako ya tabbata a wasu wurare, gwajin jini mai sauƙi zai iya rage wa majinyaci watannin da ake ɓatawa ana canza masa magani ana lalube.

Daga nan zumuɗi kan ɗebi mutane, su ce to a ba kowa maganin kumburi mana. An gwada. A 2013 Charles Raison, shi ma a Emory, ya ba masu ciwon damuwar da ta ƙi jin magani su 60 ko dai infliximab, mai toshe TNF, ko ruwan gishiri. A jimlace babu bambanci. Waɗanda CRP ɗinsu ya wuce 5 sun nuna alamar amfana, masu ƙaramin CRP kuwa gara ma waɗanda aka yi wa ruwan gishirin. Ga shi infliximab na iya tayar da tibin da ke kwance a jiki, abin da ba wasa ba ne a Najeriya, ɗaya daga cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Haka aka yi da fluvoxamine lokacin korona. Wani ƙaramin gwaji a Amurka a 2020 da wani babba a Brazil a 2021 sun sa rai cewa wannan maganin damuwa na hana cutar tsananta ta hanyar kwantar da garkuwar jiki. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga amfanin ba, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta ƙi ba shi izinin gaggawa a 2022. Duk wanda ya zo yana tallar maganin damuwa a matsayin mai ƙara ƙarfin garkuwar jiki, ko yana tallar wani haɗin ganye a cikin motar haya wai yana wanke kumburin ƙwaƙwalwa, aljihun jama'a yake nema.

Matsalar da ta fi shafar mu ita ce, mafi yawan wannan ilimi daga jinin Turawa da Amurkawa aka samo shi. A Landan, CRP da ya ɗan tashi ya zauna yakan nuna ƙiba ko taba ko ɓoyayyen kumburi. A Agege kuwa yana iya zama maleriyar makon jiya, ko tibi, ko ciwon hanta, ko sikila, ko haƙorin da ya ruɓe. Thomas McDade, masanin Jami'ar Northwestern, ya bi jinin mutanen Shuar a dajin Ekwado, inda cututtuka masu yaɗuwa suka yi yawa, ya samu CRP ɗinsu kan yi sama in cuta ta zo, ya faɗo ƙasa warwas in ta wuce, ba ya zama a tsakiya kamar na Amurkawa da yawa. Layin da aka ja a kan 3 ko 5 a Atlanta ba lallai ya yi daidai da mahaucin Oko-Oba ta Agege ba.

Ko ƙidayar fararen ƙwayoyin ma ta bambanta. Galibin mutanen Afirka ta Yamma na ɗauke da wani gadon halitta da ake kira rashin Duffy, wanda ke kare su daga wani nau'in maleriya, kuma yana sa adadin wani nau'in fararen ƙwayoyi mai suna nutrofil a jininsu ya zama ƙasa da na Bature ba tare da wata cuta ba. Likitan da ke duba ko magani irin mirtazapine ya rage wa majinyaci fararen ƙwayoyi, illar da kan faru jefi-jefi, dole ya san wannan, in ba haka ba ya tsayar da maganin da ke aiki a banza. Hanta ma haka. A 1996 masanin Zimbabuwe Collen Masimirembwa ya bayyana wani nau'in gado da ya yawaita a Afirka, wanda ke rage saurin narkar da magunguna da dama, har da dangin amitriptyline. Awon da ya yi wa wani daidai yana iya yi wa wani yawa.

Sannan ga rayuwar kanta. Hausawa sun kafu a Agege tun farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da jirgin ƙasa da cinikin goro suka jawo fatake, kuma zuriyarsu 'yan gari ne masu gidaje da sarautarsu. Amma kullum akwai sababbin zuwa: 'yan ci-rani, masu gadi, 'yan ga-ruwa, 'yan bola-jari, matasan da rikicin Borno ko na Zamfara ya koro. Da yawa sun rayu da acaɓa har gwamnatin Legas ta haramta shi a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi a 2020, ta sake tsanantawa a 2022, ana kama babura ana niƙewa. Saurayin da ke kwana a barandar shago ko harabar masallaci, iyalinsa na can Arewa suna jiran aike, ya haɗa duk abin da aka san yana tayar da kumburi a jiki: rashin barci, fargaba mai tsawo, kaɗaici, hayaƙin mota, cizon sauro. In ya yi ƙorafi, amsar da zai samu ita ce, "Haba ɗan'uwa, ka yi haƙuri, ka dage da addu'a, kowa da tasa." Nasiha ce mai kyau, amma ba wanda ke tsayawa a kanta in ciwon suga ne.

Hatsari biyu na kusa sun fi duk wata muhawarar masana gaggawa. Na farko, magunguna irin su fluoxetine da sertraline na rage sirotonin ɗin da ke cikin ƙwayoyin daskarar da jini, don haka in aka haɗa su da diclofenac ko ibuprofen ko asfirin, haɗarin zubar jini a ciki na ƙaruwa, balle ga mai olsa. Na biyu, taramol. Shi ma yana ɗaga sirotonin, kuma haɗa shi da maganin damuwa na iya kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa da farfaɗiya. Lebura ko direban da ke sha don ya jure aiki ba zai faɗa wa likita ba sai an tambaye shi cikin mutunci, ba da tsawa ba. A ƙara da cewa rifampicin na masu tibi kan rage ƙarfin wasu magungunan damuwa, amitriptyline kuma in aka sha da yawa yana iya tsayar da zuciya. Maganin kan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, ba a kuma yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Wanda ba a yi wa wannan bayani da harshen da yake ji ba, zai sha na kwana biyar, ya ga bakinsa na bushewa, ya watsar.

Legas ba ta rasa kayan aiki ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana nan tun 1907. Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya ita ma a Yaba take, da ɗakunan gwajin da suka daɗe suna aiki kan maleriya da tibi da ƙanjamau. Asibitin koyarwa na jiha yana Ikeja, babban asibitin Orile Agege yana cikin unguwa. A Aro ta Abekuta, tafiyar da ba ta da nisa, Thomas Adeoye Lambo ya nuna tun 1954 cewa ana iya jinyar masu taɓin ƙwaƙwalwa a cikin gari, tare da danginsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya wa hannu, aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon majinyaci a matsayin abin tsarewa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutane da kuɗi. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga al'umma sama da miliyan 200, suna kuma ta ficewa waje, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo tun faɗuwar naira a 2023.

Duk da haka, bin sawun majinyata na wata uku ko shida, a auna CRP da fararen ƙwayoyinsu kafin magani da bayansa, a tace masu maleriya da tibi, a gwada amitriptyline da fluoxetine waɗanda su ne talaka ke iya saya, aiki ne da jami'ar jiha da cibiyar Yaba za su iya haɗa hannu su yi. In za a yi, kada a tsaya kan masu jin Turanci da Yarbanci. A shiga Agege da Mile 12 da Idi-Araba ta hannun sarakunan Hausawa da limamai, da takardar neman yarda da Hausa, da mata masu tambayar mata, domin matan aure da masu jego su ne suka fi shan wannan ciwo a ɓoye.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya jiran ɗakin gwaji. Takardar tantance ciwon damuwa mai tambayoyi tara, wadda Adewuya da abokan aikinsa suka gwada ingancinta a Najeriya tun 2006, ba ta cin fiye da 'yan mintuna. Jihar Legas ta riga ta horar da wasu ma'aikatan asibitocin unguwa kan gano ciwon da fara jinyarsa. Ya kamata duk wanda ya zo karo na biyu ko na uku da kasala da rashin barci, gwajin maleriya kuma ya nuna babu, a zaunar da shi a yi masa waɗannan tambayoyi, kuma a cibiyoyin lafiya na Agege a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da zai iya yin su da Hausa.